Dajin da ke ƙarƙashin gonarka: yadda za ka dawo da itatuwa ko da har yanzu da gawayi ake girki a gidanku

Shekara 6 da suka wuce aka zo garinmu rabon dashen itatuwa, aka yi taro aka ɗauki hotuna, ni ma na karɓo guda 40 a leda na ɗaure a bayan mashin na kai gonar mahaifinmu da ke arewacin Katsina, ba nisa da iyakar Nijar. Rana ɗaya na dasa su duka, a ƙarshen watan Agusta, ruwa ya ƙara yi kamar sau 3 ya ɗauke, ana cire amfani awaki suka shigo, gara ta ƙarasa abin da suka bari. Zuwa bazara guda 2 ne kacal ke da rai. Wallahi ranar da na tsaya ina kallon ramukan nan ba komai ciki sai busasshen tsinke raina ya ɓaci ƙwarai, na ce ni da harkar itace mun raba gari.

Kawuna ne ya dawo da ni hanya, shi yana yawan shiga Maraɗi fatauci. Ya ja ni bakin gonar ya nuna min wani kalgo da muke sarewa duk shekara lokacin sharar gona, ya ce "ɗana, ka je ka kwaso jarirai kana ta wahala da su, ga manya nan ƙarƙashin ƙafarka kana sare musu kai kowace bazara." Na ce Kawu ai wannan ciyawa ce. Ya ce in tona in gani. Na sa fartanya na tona gindin, sai ga kututture kauri kamar cinyata, saiwa ta nutsa ƙasa ban ma ga ƙarshenta ba. Bishiya ce cikakkiya, kanta kawai muka hana fitowa.

Abin da Kawu ya gano a Maraɗi ba sabon abu ba ne a can, sassaben zamani suke ce masa. A 1983 wani Bature ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, wanda shi ma ya sha dasa itatuwa suna mutuwa, ya tsaya a hanya zai rage iskar tayar motarsa don ya ratsa yashi, sai ya lura da irin waɗannan tsiron, ya duba ganyen ya gane bishiyoyi ne da aka sare suke ta ƙoƙarin dawowa. Lokacin yunwar 1984 aka haɗa aikin rainon irin waɗannan tsiron da rabon abinci a ƙauyuka kusan 100, aka bar itatuwa wajen 500,000, kuma abin da nake so ka riƙe shi ne da aka daina rabon abincin mutane sun sare kusan kashi 2 cikin 3 na itatuwan nan. Duk wanda ya gani a lokacin zai ce aiki ya lalace. Amma waɗanda suka bar nasu sun ga gero ya fi kyau, mata sun samu itace kusa, dabbobi sun samu abin ci da rani, maƙwabta suka fara kwaikwayo ba wanda ya biya su ko sisi. Bayan shekara 20 da 'yan kai masu bincike suka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar, galibi jihohin Maraɗi da Damagaram. Da saɓi-zarce da sare-sare da kuskure aka kai can.

To ga yadda ake yi, kamar yadda aka koya min kuma nake yi yau shekara 5.

Fara da zagaye, ka bar gatari a gida

Bayan an kwashe kara, kafin sharar gona, ka je gonar da sassafe ko bayan la'asar, kada ka ɗauki komai sai sanda da 'yan tsummoki masu launi. In da hali ka tafi da dattijo ko tsohuwar da ta san jeji, domin su ne kamus ɗin wannan aiki. Duk tsiron da ka gani ka durƙusa ka kalli ganyensa, ka murza ka shinshina, ka tambayi sunansa. Kalgo ganyensa rabe biyu kamar kofaton raƙumi, sabara ganyenta toka-toka ne mai laushi, magarya ƙayarta ɗaya miƙe ɗaya lanƙwashe, ita ce mai kama riga, aduwa ƙayarta doguwa kore shar, ɗan gawo kuma jikinsa fari-fari ne rassansa na tafiya a karkace. Ni ranar farko iri 4 kawai na iya ganewa cikin 11 da Kawu ya lissafa min, kuma na ji kunya sosai don a gonar nan na girma. Kada wannan ya dame ka, mako 2 ya isa idonka ya buɗe. Wanda ka ga yana da ƙarfi ka ɗaura masa tsumma ka wuce.

In yankinku ba lafiya saboda 'yan bindiga, don Allah kada ka kutsa jeji saboda itace. Gonar bayan gari, bakin makabarta, filin makaranta, gefen hanya, duk akwai kututturai a wurin.

Zaɓe: wa za a bari, guda nawa

Kada zumuɗi ya ɗebe ka ka ce duk za ka bari, gonar abinci ce, kuma in inuwa ta yi yawa 'yan gidanku ne za su fara sarewa. A fara da 20 zuwa 40 a hekta ɗaya, wato ka bar kamar mita 16 zuwa 22 tsakanin wannan da wancan, in ka ga amfanin sai ka ƙara baɗi. Wanda ya faɗo daidai inda garmar shanu za ta bi ka haƙura da shi.

In ka samu gawo, riƙe shi hannu bibbiyu. Shi halinsa daban ne da na sauran, da damina yake zubar da ganye, lokacin da gero ke son rana, ganyen ya ruɓe ya zama taki a gindinsa, da rani kuma ya yi kore ya ba da inuwa da 'ya'ya, shanu da tumaki su kwanta ƙarƙashinsa su bar kashi, ga saiwarsa tana tara wa ƙasa sinadarin nan da muke sayowa a buhun yuriya da tsada. Shi ya sa za ka ga geron gindin gawo ya fi na tsakiyar fili tsawo da kauri. Sai dai yana da nawa a farko, shekarun farko ƙasa yake bi da saiwa, sama kamar ba ya motsi, kada ka yanke ƙauna. Kalgo da sabara su ne masu saurin tashi, su za su fara ba ka itacen girki, suna kuma tare ƙura da ganyen da iskar hunturu ke kwasowa. Magarya, aduwa, kanya, tsamiya, ɗorawa, waɗannan na 'ya'ya ne, a tambayi mata da yara wanne suke so, sun fi mu sanin wanda ke shiga tukunya da wanda ke shiga kasuwa. Darbejiya da turare kuwa a bar su a iyaka ko ƙofar gida, tsakiyar gona suna danne shuka.

Gyaran kututturen

Nan ne ainihin aikin, kuma minti 5 ya ishe ka a kowane kututture. Ka wasa addarka ko laujenka ya yi kaifi sosai, dakusasshen ƙarfe farfasa itace yake ya bar ƙofa ga gara da ciwo.

Za ka tarar kututture ɗaya ya fitar da toho 15, 20, wani ma ya fi, duk suna rabon abinci ɗaya shi ya sa ba wanda ke tsawo. Ka duba ka zaɓi 3 zuwa 5 waɗanda suka fi miƙewa da kauri, sauran ka yanke su daga can gindi. Sannan waɗanda ka bari ka rage musu rassan gefe daga ƙasa har zuwa rabin tsawonsu, rabin sama ka bar shi da ganyensa. Wannan rabin a kiyaye shi, kuskuren da na yi a shekarar farko kenan, na aske su tas na bar ɗan tukku a kai don su yi kyau a ido, iskar farkon damina ta zo ta karya min 6, akuya kuma ta samu sauƙin lanƙwaso sauran. Kuma sara daga ƙasa zuwa sama ake yi, in ka saro daga sama reshen zai faɗo ya yage ɓawon har ƙasa.

Me ya sa ba a barin ƙwaya ɗaya tal? Saboda rayuwa. Wata rana mai neman itace zai wuce ya sare ɗaya, wata rana kai kanka za ka buƙaci sandar rumbu ko ƙotar fartanya, in 5 ne ka yanke ɗaya a shekara sabon toho ya maye gurbinsa, babban da ka fi so kuma ka ƙyale shi ya zama bishiya. Abin da ka yanke ma ba asara ba ne, ganyen a bar shi a ƙasa ya rufe ta, tsirarun sanduna a kai gida a hura wuta, masu ƙaya a kewaye gindin da su.

Ka riƙa komawa duk bayan wata 3 ko 4 kana cire sabon tohon da ya fito a gindi, musamman ana gab da shuka da kuma bayan girbi. In ka manta wata 8 ba ka je ba, ba komai, saiwar na nan, ka ci gaba daga inda ka tsaya. Abu ɗaya ne dai ba ya gyaruwa da sauƙi, wuta. In za ka ƙona shara tara ta nesa da su, in ma za ka iya barin wani kason kara a kwance a gonar ya fi, duk da na san kara yanzu kuɗi ne kuma abincin dabba ne, ko kashi ɗaya cikin 4 ka bari ya rage wa iska ɗibar ƙasa.

Magana da mutane ta fi shinge

Ba shingen da zai tare mai gatari da dare. Ni sai da aka sare min gawo 2 da na shekara 3 ina lallaɓawa kafin na gane haka, na kwana 2 ban iya cin abinci sosai ba. Abin da ya yi aiki shi ne na je gaban mai gari na gaishe shi na ce ranka ya daɗe ga abin da nake yi, ina roƙo a sanar a masallaci cewa duk itacen da aka ɗaura wa jan tsumma raino ake. Na je rugar da ke kusa da mu na zauna da ardo, muka yi yarjejeniya yaransa su riƙa kakkaɓe 'ya'yan gawo da na kalgo su sassaɓi reshen gefe, amma kada a taɓa kan bishiya, su kuma shanu su kwana min a gona da rani. Matan unguwa na ce musu ranar da nake gyara su zo su kwashi abin da na yanke kyauta. Wanda yake da rabo a abu shi ke tsaronsa. Har yanzu ana ɗan sata, amma ba kamar da ba.

A Nijar ma abin da ya daɗe yana kashe wa manoma gwiwa shi ne tsoron ma'aikatan gandun daji, mutum ya raini itace a gonarsa a ce na hukuma ne a ci shi tara in ya taɓa, to wa zai raina? Sai da aka sassauta wannan abin ya bunƙasa, a 2020 ma gwamnati ta fitar da doka ta musamman da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya raina. In gonar aro ce ko haya a hannunka, yi magana da mai ita tun farko a gaban shaidu.

In wurin faƙo ne

Akwai inda ƙasa ta mutu ta yi tauri kamar siminti, ruwa ya sauka ya gudu, ba kututture ba ciyawa. Nan sai rami, wanda a Burkina Faso ake kira zai, a Nijar kuma tassa. Marigayi Yacouba Sawadogo, wani manomi na yankin Yatenga a Burkina Faso, da irin wannan rami ya mayar da faƙo daji, shi da Rinaudo shekara ɗaya, 2018, aka ba su babbar lambar yabo a Suwidin, manoman Illela ta jihar Tawa kuma can Yatenga suka je suka gano suka dawo da shi gida. Da rani ake haƙawa, faɗi santimita 20 zuwa 30, zurfi kamar 15 zuwa 20, taku ɗaya tsakanin rami da rami, ƙasar da ka fitar ka tara ta ta ɓangaren gangare don ta tare ruwa. Ka zuba taki cikin tafi 1 ko 2. Gara za ta zo cin takin ta huda ƙasar ta yi wa ruwa hanyoyi, wato a nan ita ma ma'aikaciya ce. Ruwa na sauka ka shuka gero ko dawa a ciki, kuma sau da yawa za ka ga ɗan gawo ko bagaruwa ya tsiro da kansa, don irin na cikin kashin akuya, cikinta ya riga ya tausasa ɓawon. Aikin akwai cin ƙarfi gaskiya, kada ka ce sai ka gama fili, rami 50 bana 50 baɗi.

Dashe, in ya zama dole

Ban ce a daina dashe ba, kuka da mangwaro da zogale ba za su fito inda babu su ba, kuma Manzon Allah (SAW) ya faɗa mana duk musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, sadaka ce gare shi. Amma dasa abin da za ka iya shayarwa, 3 ko 5, ba 40 irin nawa ba. A watan Yuli in ruwa ya zauna, ba ƙarshen damina ba. Rami ya kai zurfin gwiwa, a cakuɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki, a yaga ledar a cire ta gaba ɗaya, a barbaɗa toka saboda gara, a yi kewaye tun ranar, da ƙayar magarya ko tsofaffin bulo. Don rani ka binne ƙaramin tulu na ƙasa a gefensa ka rufe bakin, kana cikawa duk kwana 3 ko 4 yana tsatsafowa a hankali, in babu tulu gorar roba da aka huda da allura ta wadatar. Irin kuka kuma sai an jiƙa shi a ruwan zafi ya kwana ko an ɗan kankare ɓawon kafin ya tsiro da wuri.

Ke da kai da kuke cikin birni

Ƙanwata a Kano take, gidan haya, tsakar gida duk siminti. Buhun shinkafa 4 ta cika da ƙasa da takin tumaki ta huda ƙasansu, ɗaya zogale, ɗaya alayyahu, ɗaya yakuwa, ɗaya tattasai, ta ajiye bokiti inda ake alwala, ruwan nan shi suke sha. Zogalen in ya kai ƙugu take yanke kansa don ya yi rassa kada ya zarce sama. Tattasan ya mutu sau 2, ta canza da kuɓewa. Ɓawon kayan miya da ganyen da aka share a wani tsohon bokiti take tarawa da 'yar toka da ƙasa, bayan wata 2 ko 3 ya zama baƙin taki. In akwai bishiya a ƙofar gidanku ko ta masallacin unguwa da kowa ke sha inuwarta ba mai ba ta ruwa, ɗauke ta a matsayin taka, ka cire ledojin da suka shaƙe gindinta ka sassauta ƙasar.

Sai maganar gawayi da leda, don na san akwai mai cewa ni da nake girki da gawayi ina ni ina maganar muhalli. Gidanmu ma in gas ya yi tsada gawayi ake komawa, ba wanda zai bar yara da yunwa saboda daji. Abin da ke hannunka shi za ka yi: murhu mai tsimin itace ko na laka da aka kewaye don iska kada ta kwashe wutar, rufe tukunya, jiƙa wake tun dare, kashe garwashi in an gama a adana. Leda kuma ka sa jaka ɗaya a mashin ko a jakar hannu don cefane, ranar da ka manta ka karɓi ledar ka sake amfani da ita, kawai dai kada ta ƙare a kwata ko inda akuya za ta haɗiye ta, duk mahaucin da ka tambaya zai ba ka labarin abin da suke cirowa a tumbi. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, shirin babbar katangar itatuwa ta Afirka tun 2007 ake maganarsa, Allah ya sa ya yi nasara, amma kalgon bakin gonarka ba sai ya jira shi ba.

A tafi da yara

Wannan shi na fi jin daɗinsa a duk aikin. Ranar Asabar in zan je gyara nakan ɗauki 'ya'yan yayana biyu, in bar wayata a aljihu. Kowa na da bishiyarsa da ya ɗaura wa tsumma da hannunsa, ƙaramar ta zaɓi wata aduwa don ta ce ƙayarta ta fi ta kowa tsawo. Yanzu sun san kukan kurciya daban da na hasbiya, sun san belbela shanu take bi, sun san in shamuwa ta iso ruwa ya kusa, lokacin zuba taki a ramuka ya yi. Bara muka tarar da sheƙar tsuntsu da ƙwai 2 a cikin magaryar da na yi niyyar ragewa, muka ƙyale ta sai bayan wata guda, yaran nan kullum sai sun tambaye ni ko an ƙyanƙyashe.

Cikin 43 da na ɗaura wa tsumma a shekarar farko, 31 ne tsaye yau, kalgo mafi tsawo ya wuce ni da hannu a miƙe, gawo 4 sun fara yin inuwar da mutum ɗaya zai iya fakewa. Kawu ya tsufa ba ya iya zuwa da ƙafa, ran nan na goya shi a mashin na kai shi, ya zauna gindin kalgon nan da ya sa ni tonawa ya sha furarsa, ya nuna min wasu sabara 3 a kusurwar gabas ya ce "ɗana, waɗancan ka bar musu toho da yawa." Asabar mai zuwa da su zan fara.